Me ke sa sabon noti sheƙi?

Idan ka sayi sabon noti na babur ko na injin ban ruwa a kasuwar Makarfi ko Ikara, za ka ga yana ɗaukar ido kamar azurfa. Ƙarfe ne aka lulluɓe da tutiya ta hanyar lantarki. Ana tsoma shi cikin ruwa mai ɗan asid, wanda aka narkar da gishirin tutiya, gishirin potasiyam da asid borik a ciki, sannan a saki wuta.

In aka bar tutiyar haka, dusu-dusu take fitowa, da kaushi. Shi ya sa ake ƙara sinadaran sa sheƙi, iri biyu. Na farko, kamar benzalasiton, yana manne wa wuraren da suka yi tudu, ya hana ƙwayoyin tutiya girma, sai fuskar ta yi sumul. Da yake ba ya narkewa sosai a ruwa, sai a haɗa shi da na biyu, mai aiki kamar sabulu, ya narkar da shi.

Sinadarin in ya yi yawa, rufin zai yi gautsi, ya ɓamɓare wajen ɗaure notin. Zafi ma illa ne: ruwan ya fi aiki tsakanin digiri 20 zuwa 35, don haka a bazara sai an sanyaya shi.

Amma sheƙi ba ya hana tsatsa. Kaurin tutiyar da wankin kuromet na ƙarshe su ke kare ƙarfen daga damina. Kafin ka biya, karce notin da farce ko maɓalli. In rufin ya ɓare, ajiye shi.