Yawon Shan Iska a Haƙaƙƙen Kogi

A ƙasar Ingila da maƙwabciyarta Wels akwai waɗansu koguna waɗanda mutane ne suka haƙa su da hannu. Ba su da faɗi ƙwarai, ba su da zurfi, ruwansu kuwa a kwance yake kamar na tafki. Sun ratsa gonaki da makiyaya da ƙauyuka, in an haɗa tsawonsu ya fi mil 2,000. A kansu ake tuƙa wani irin jirgi siriri, faɗinsa bai cika ƙafa 7 ba, amma tsawonsa yakan kai ƙafa 70.

Tun asali don aiki aka haƙa su. A zamanin da hanyoyin ƙasar ba su da kyau, da an yi ruwa sai keken doki ya kafe cikin taɓo. Wani basarake mai ramin kwal ya sa gwanin aiki, James Brindley, ya haƙa masa kogi don kai kwal birnin Mancesta, aka buɗe shi a shekarar 1761. Ba a daɗe ba kuɗin kwal ya ragu da rabi a birnin. Da mutane suka ga haka sai aka shiga haƙa ko'ina. Doki ɗaya yana tafe a bakin gaɓa, yana jan jirgi mai kayan da ya kai tan 30 da igiya.

Ana nan sai jirgin ƙasa ya fito, ya fi sauri nesa ba kusa ba, daga baya kuma ga manyan motoci. Ciniki ya yi ta ja da baya. Waɗansu kogunan suka cika da laka da ciyawa, waɗansu aka cike su da ƙasa. Amma a 1946 waɗansu mutane suka kafa ƙungiya don ceto abin da ya saura. Suka riƙa fita ranakun hutu suna kwashe laka, suna gyaran ƙofofin ruwa, ba mai biyansu ko kwabo. Saboda wahalarsu ne jama'a ke more wa kogunan yanzu.

Da lokacin zafi ya zo, maigida yakan yi hayar jirgi na wuni guda, ya ɗebi iyalinsa da guzurinsu. Jiragen yanzu inji gare su, cikinsu da kujeru da wurin dafa shayi. Kafin su tashi, mai jirgin zai sa wa yara rigar da ke hana nutsewa, ya kuma koya wa maigida tuƙi. A bayan jirgi matuƙi ke tsayawa, yana riƙe da wata sanda. In ya tura ta dama, jirgi ya yi hagu, in ya tura ta hagu, jirgi ya yi dama. Baƙo yakan ruɗe da farko, har ya kai wa gaɓa karo, yara su yi ta dariya.

Doka ta hana wuce mil 4 a awa, wato kamar saurin mutum mai tafiya a ƙasa. Dalili kuwa, in jirgi ya yi gudu sai ya ta da igiyar ruwa, ta zaizaye gaɓa, ta rushe sheƙar tsuntsaye. Saboda wannan tafiyar hawainiya ba abin da ke wuce mutum bai gani ba. Ga tumaki suna kiwo, ga agwagwa da 'ya'yanta, ga zalɓe tsaye yana dakon kifi.

To, yaya jirgi zai hau tudu, alhali ruwa ba ya hawa? Dabarar ita ce, an gina wani ɗaki marar rufi a cikin kogin, da ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe ƙofar baya. Sai a murɗa wani ƙarfe, ruwan sama ya riƙa kwararowa ciki, jirgi yana ɗagawa sannu sannu. In ruwan ɗakin ya yi daidai da na gaba, sai a tura ƙofar gaba, jirgi ya fita. In za a sauka kuwa, sai a zubar da ruwan. Girman ɗakunan nan ne ya sa ake yin jiragen sirara.

Wurin da masu yawo suka fi so su gani yana kusa da garin Llangollen a ƙasar Wels. Can kogin haƙa ya iske wani kwari mai zurfi, inda kogin Dee ke gudu. Injiniya Thomas Telford da William Jessop suka gina dogayen ginshiƙai na dutse, suka ɗora wani dogon kwami na ƙarfe a kansu, aka cika shi da ruwa. Shekara 10 ana aiki, aka buɗe shi a 1805. Sunan wannan kadarko Pontcysyllte. Tsawonsa ƙafa 1,007, bisansa ƙafa 126. Gefe guda akwai turba mai shinge, ɗaya gefen kuwa ba kome sai leɓen ƙarfe. Wanda ya leƙa sai ya ga kamar jirgin a sararin sama yake tafiya.

Wannan kogi ma saura kaɗan a rasa shi, gama a 1944 an yi doka a daina bi da jirage ta cikinsa. Abin da ya cece shi, ta nan ruwan sha ke bi zuwa waɗansu garuruwan Ingila, don haka ba a bar shi ya ƙafe ba. A 2009 aka sa kadarkon cikin wuraren tarihi na duniya waɗanda ake tsarewa. Waɗanda suka gina shi don kaya suka gina, amma da yake sun inganta aikinsu, ga shi bayan shekara fiye da 200 yana ɗauke da yara masu yawon shan iska.

Tambayoyi
1. Don me aka haƙa waɗannan koguna tun asali?
2. Me ya sa aka hana jirage gudu?
3. Bayyana yadda jirgi ke hawa tudu.
4. Me ya ceci kogin Llangollen?