Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ake Gwada Ɗan Wasan Kwaikwayo

Wani mai sauraro daga Gatawa, ƙaramar hukumar Sabon Birni, na tambaya: wane shiri ɗalibin wasan kwaikwayo ke yi kafin ranar gwaji?

To, akwai atisayen kujera. A zaunar da ɗalibi, abokai su yi masa ruwan tambayoyi, shi kuma ya amsa da bakin wanda yake kwaikwayo. Idan rawar Sarki Bawa Jan Gwarzo aka ba shi, sai a ce: "Ranka ya daɗe, wa kake shakka a Alƙalawa?" Wanda ya yi inda-inda bai san sarkinsa ba.

Ranar gwajin, shi kaɗai zai tsaya, ya zubo jawabin minti biyu da ka, sau da yawa daga wasannin Shakespeare, wanda ya rasu a 1616. Ga mai son koyo, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana da sashen koyar da wannan fanni.