Farfaɗo da Injin Tsohuwar Fijo 504

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fitar da mota 504 a shekarar 1968, kuma masana'antar PAN ta Kaduna, wadda ta fara haɗa motoci a 1975, ta baza ta ko'ina a Arewa. Direban da ke jigilar buhunan hatsi daga Fassi zuwa Kibiya da Rano da tsohuwar Fijo ya san cewa ranar da injin ya buga, ranar tukunyar gidansa za ta sauka daga murhu.

Alamar gajiyar inji ita ce shuɗin hayaƙi, da shan baƙin mai, da kasawa a hawa. Dalili kuwa shi ne ƙurar hunturu da ta kutsa ciki ta zama tamkar yashi tsakanin fistin da bangon silinda. Zobban fistin suka cinye, matsin iska ya ragu, baƙin mai ya haura yana ƙonewa tare da fetur.

A nan ne hikimar maƙeran injin 504 take. Silindarsa huɗu hannayen riga ne na ƙarfe da ake zarewa, ruwan sanyaya inji yana zagaye su kai tsaye. Saboda haka bakanike ba ya buƙatar gurza gangar injin. Sai ya zare tsofaffin, ya sa sababbi da fistin da zobbansu, irin waɗanda ake nema a Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Amma fa wajibi ne bakin kowace silinda ya ɗan ɗara saman gangar daidai ma'auni, domin gasket ya matsu. In aka yi sakaci, ruwa zai gauraya da baƙin mai, aiki ya koma baya. Kan injin kuma na alminiyom ne, zafi yana iya lanƙwasa shi, don haka a auna shimfiɗarsa kafin a mayar.

Wajen ingantawa, abin da ya fi amfani shi ne a maye gurbin kwantak da na'urar kunna wuta ta lantarki, wadda ba ta cinyewa, sai wutar filogi ta riƙa zuwa a kan lokaci. Akwai kuma ɗabi'ar cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Kuskure ne: injin da bai kai ɗuminsa ba yana shan fetur da yawa, kuma silindarsa tana saurin cinyewa. Wanke lagireto da sauya matatar iska su ne maganin zafi da ƙura.