Hasumiyar tsattsewa

Mazauna gabashin Amurka sun san tsattsewar nan mai sheƙa cikin bututun hayaƙi. Kowace bazara takan taho daga yankin Amazon, wani lokaci sai ta tarar an toshe bututun.

Don haka gina mata hasumiyar katako mai tsawon kusan mita 3.6, irin wadda Paul da Georgean Kyle suka tsara a Texas. Cikin ya zama mai kaushi, don ba ta iya sauka a reshe; jikin bango take kamawa, ta liƙa tsinke da miyau ta yi sheƙa. Huda ƙananan ramukan iska a ƙasa, ka naɗe wuyan hasumiyar da kwano saboda macizai. Kada ka sa ran sheƙa fiye da ɗaya a hasumiya.

Sharar bututun hayaƙi kuwa, bari sai kaka. Wata dokar Amurka ta 1918 ta hana taɓa sheƙar da ke da ƙwai.