Dutsen da Ake Cewa Zai Fashe Gobe

'Ya'yana, ba a yin 'yan watanni sai wani bidiyo ya zagayo wayoyinku, da jan rubutu da kiɗa mai tayar da hankali, ana cewa wani ƙasurgumin dutse mai aman wuta ya kusa fashewa, rana za ta dusashe, abinci zai ƙare. Wasunku su yi salati su tura wa na gaba, wasu su yi tsaki su ce ƙaryar Turawa ce. A cikin biyun babu wanda ya kwanta mini. Ku matso in ba ku labarin mutanen da suke kwana suna tashi a kan irin wannan dutse, da waɗanda aka ɗora wa gadinsa, don a wurinsu na ga halin da nake yi muku kwaɗayi.

Masu bin ƙwallo a cikinku sun san Napoli ta Italiya, inda Victor Osimhen ya ci ƙwallo 26 a kakar da suka ɗauki kofi a 2023. To, filin wasan nan da aka sa wa sunan Maradona, a unguwar Fuorigrotta, a cikin bakin dutsen yake zaune. Ba Vesuvius nake nufi ba, mai tsini da ake gani a hotuna ta gabashin birnin. Wannan yana yamma, ana ce masa Campi Flegrei, kuma baƙo zai ratsa shi a mota bai san ya ratsa ba. Wani makeken kwari ne mai faɗin kilomita 12 zuwa 15, wani sashensa ma yana ƙarƙashin teku, cike da gidaje da makarantu da gonakin inabi. A lissafin masana, kusan shekara 40,000 da suka wuce ya yi aman da tokarsa ta kai har Rasha, ƙasar da ke samansa ta rufta, shi ne kwarin ya samu. Ya sake wani babba kimanin shekara 15,000 baya, kuma da rawayan dutsen da wannan aman ya bari aka gina yawancin tsohon birnin Napoli.

Aman ƙarshe an yi shi ne a ƙarshen Satumban 1538. Kafin nan an yi shekaru ƙasa tana ɗagowa, a kwanakin ƙarshe teku ya ja baya har mutane suna tsintar kifi a busasshiyar gaɓa. Cikin mako guda sabon tudu mai tsayin kusan mita 130 ya tsiro, ya binne ƙauyen Tripergole, aka sa masa suna Monte Nuovo. Mutanen yankin sun gudu da wuri, sun tsira. Waɗanda suka mutu, su sama da 20, 'yan kallo ne da suka ga abin ya lafa suka hau tudun su leƙa, sai ya sake tashi. Ku da kuke rugawa wurin gobara da waya a hannu, ku riƙe wannan.

A garin Pozzuoli, wanda ke tsakiyar kwarin, ƙasa ba ta zama wuri ɗaya. Takan yi shekaru tana nutsewa, sannan ta juya tana ɗagowa. Akwai kufan wata kasuwa ta zamanin Rumawa a garin, da ginshiƙan marmara uku har yanzu a tsaye, jikinsu duk ramukan da ƙananan halittun teku suka huda, can sama da inda hannun mutum zai kai. Wato kasuwar ta taɓa nutsewa cikin ruwa, ta jima a can, ta dawo, ba wanda ya taɓa ta. Tsakanin 1982 da 1984 garin ya ɗago da kusan mita 1.8, aka yi dubban girgiza, tashar jiragen ruwa ta rasa zurfi, gidaje suka tsattsage. Hukuma ta kwashe mutum kimanin 40,000, aka gina wa da yawansu sabuwar unguwa a Monterusciello. Kowa ya zuba ido yana jiran wuta. Wuta ba ta fito ba. Ƙasa ta koma tana sauka sannu a hankali har wajen 2005, sannan ta sake juyowa, kuma daga lokacin ta ɗago fiye da mita 1. Ran 20 ga Mayun 2024 aka yi girgiza mai maki 4.4, wadda aka yi shekara 40 ba a ji irinta a wurin ba. Ran 13 ga Maris 2025, cikin tsakar dare, aka yi mai maki 4.6, mutane suka kwana a cikin motocinsu.

Yanzu ku duba masu gadin. Cibiyar sa ido ta Vesuvius da ke Napoli, wadda ita ce ke gadin Campi Flegrei ma, an kafa ta tun 1841, babu wadda ta girme ta a duniya a wannan fanni, kuma ɗakin da ake kallon na'urorinta ba a rufe shi dare da rana. Abubuwan da suke bi ba su da yawa, amma kullum sai an bi su. Suna da na'urorin jin motsin ƙasa da aka dasa ko'ina a kwarin, kuma ba ƙarfin girgiza kaɗai suke dubawa ba, sun fi damuwa da zurfinta: in girgizar jiya a kilomita 3 take, ta yau ma a nan, wannan labari ɗaya ne, in kuwa kullum tana ƙara matsowa sama, labari ya canza. Suna da tashoshin GPS da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna ɗagowar ƙasa ko da ta kai kaurin farce ne. Sannan akwai masu zuwa da ƙafarsu bakin ramukan hayaƙi na Solfatara da Pisciarelli, cikin wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, su ɗebi iskar a kwalba su kai ɗakin gwaji, su auna zafinta da abin da ke cikinta. Duk mako sai an fitar da rahoto, ko an samu sabon abu ko ba a samu ba. Mafi yawan rahotannin, gaskiya, in ka karanta sai barci ya ɗauke ka. Amma daga tara su ne ake gane ranar da abu ya bar hanyarsa.

Kuma su kansu masanan ba su daina gardama ba. Mafi yawan girgizar a sama-sama take, cikin kilomita 3 zuwa 4, alhali babban rumbun narkakken dutsen yana can wajen kilomita 8. Wasu suna ganin tururi da iskar gas ne ke tasowa suna kumbura ƙasa, wasu suna ganin narkakken dutsen da kansa ya ɗan matso. Suna rubuta hujjojinsu, suna sukar juna a fili, gobe su koma su auna tare. Gargaɗin hukuma yana da launi huɗu, kore da rawaya da ruwan lemo da ja, kuma a Disamban 2012 aka ɗaga shi daga kore zuwa rawaya. Ku lura, ɗaga shi aka yi, ba a ɓoye ba, kuma ba a yi tsalle zuwa ja don a burge 'yan jarida ba. Maigadin kirki ba ya ihun ɓarawo don kyanwa ta taka kwano, amma kuma ba ya cewa "ai kyanwa ce" yana kwance bai tashi ya haska ba.

Na biyun nan, wato kwantar da hankali na ƙarya, shi ne ku matasa ba ku cika jin tsoronsa ba, alhali ya fi kashe mutane. A 2009 garin L'Aquila, a tsakiyar Italiya, ya yi watanni yana fama da ƙananan girgiza. Ran 31 ga Maris kwamitin masana ya zauna, kuma saƙon da jama'a suka ji ta bakin wani jami'in gwamnati shi ne babu hatsari, wai ƙananan girgizar suna rage ƙarfin da ya taru. Ran 6 ga Afrilu babbar ta zo da dare, mutum 309 suka rasu. Wasu iyalai sun shaida wa kotu cewa da can sukan fita waje in ƙasa ta motsa, amma a wannan dare suka zauna saboda abin da aka faɗa musu. A 2012 aka yanke wa mutum 7 da suka halarci zaman kwamitin, har da jami'in, ɗaurin shekara 6, a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke 6 daga cikinsu ta bar jami'in da hukunci mai sauƙi. A ganina ba daidai ba ne a ɗaure masani don bai san ranar girgiza ba, wannan ilimi ba a ba kowa ba. Amma duk wanda aka ba shi makirufo ya ce "babu komai" don kawai yana son mutane su yi barci, ya ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinsa. In an tambaye ku abin da kuka san rabinsa, ku faɗi rabin, ku tsaya a nan.

Shi kuwa Yellowstone na Amurka, wanda ya fi kowanne yawo a wayoyi, lissafin da ake tsorata ku da shi ko ɗan aji shida zai warware. Manyan amansa uku ne: shekara miliyan 2.1, da miliyan 1.3, da kimanin 640,000 da suka wuce. Aman uku, tazara biyu ke nan, kuma ba su ma yi daidai da juna ba. Wa zai tsayar da ranar alkawari daga tazara biyu? Ana yin girgiza 1,500 zuwa 2,500 a wurin duk shekara, yawancinsu mutum ba ya ji, don haka in an ce muku an yi 100 a wata guda, ku tambaya nawa aka saba yi. A 2014 an yaɗa bidiyon ɓaunayen daji suna gudu a kan titi, aka ce sun ji alamar fashewa suna tserewa. Ma'aikatan gandun dajin Yellowstone suka bayyana cewa cikin gandun ma dabbobin suka nufa.

Kada ku ɗauka duk wannan yana nufin a miƙe ƙafa. Mutum kimanin 500,000 ne ke zaune a yankin da aka shata a matsayin mafi hatsari a Campi Flegrei, kuma akwai tsarin kwashe su cikin awa 72. An riga an faɗa wa kowace unguwa lardin da zai karɓe ta, mutanen Pozzuoli misali Lombardiya za su, can wajen Milan. An yi atisaye a 2019, an sake a 2024. Ko tsarin zai tafi yadda aka rubuta a titunan Napoli masu cunkoso, akwai masu shakka, kuma ina ganin suna da gaskiyarsu. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma garin Rabaul na Papua New Guinea ya gwada haka. Shi ma a cikin kwarin dutse yake. Daga 1983 zuwa 1985 ƙasa ta yi ta rawa, aka tsara hanyoyin gudu, aka koya wa jama'a, sai abin ya lafa. Ran 19 ga Satumban 1994 duwatsu biyu suka tashi a gefe biyu na garin, bayan gargaɗin da bai fi kwana ɗaya da 'yan awanni ba. Mutane ba su ma jira sanarwa ba, suka bi hanyoyin da aka nuna musu shekara 10 baya. Toka ta danne garin, amma waɗanda suka mutu a lokacin ba su fi 5 ba. Tawakkali bai taɓa hana mutum sanin ƙofar fita ba.

Mu ma abin bai yi mana nisan da kuke zato ba. A Agustan 1986 tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse, ya saki iskar da ta kwarara cikin kwaruruka da dare, ta kashe mutum sama da 1,700 da dubban shanu. Shekara biyu kafin nan tafkin Monoun ya kashe 37 ta wannan hanya, amma babu na'urar da ke gadin Nyos. Sai a 2001 aka kafa bututun farko da ke zuƙo iskar daga ƙasan tafkin yana fitar da ita kaɗan-kaɗan. A Satumban 2018 da ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja, kowa ya zama masani a waya, alhali masu iya karanta zanen na'ura 'yan kaɗan ne. Akwai cibiyar da ke bin motsin ƙasa a Toro ta jihar Bauchi, akwai sashen ilimin duwatsu a jami'o'in Zariya da Jos. Wanda Allah ya ba kan lissafi da haƙuri a cikinku, ya duba wannan hanya. Aiki ne na canza batir, da goge ƙura daga faifan sola, da rubuta lamba ɗaya shekara da shekaru ba mai yaba maka, kuma wataƙila ka yi ritaya ba ka ga ranar da aka shirya dominta ba. Kada 'yan matan cikinku su ce na maza ne, don ita kanta cibiyar ta Napoli mata sun shugabance ta fiye da sau ɗaya.