Darasin Lafiyar Iyali: Sauro da Kyankyaso a Gidajen Haya

Manufar darasi

An shirya wannan darasi domin 'yan haya, da masu gidajen haya, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na matasa a unguwanni. Ana iya karanta shi a taro, a tsaya a ƙarshen kowane kashi a tattauna. Abin da muke so mu koya shi ne: a gidan da iyalai da yawa ke zaune, sauro da kyankyaso matsala ce ta gidan gaba ɗaya, kuma ba za su ragu ba sai an haɗa kai an hana su ruwa da abinci da maɓoya.

Halin da muke ciki

Mutane da yawa a Kawo, Badarawa, Unguwar Shanu, Unguwar Kanawa, Tudun Wada da Rigasa suna zaune ne a ɗaki ɗaya ko ciki da falo, a gida mai ɗakuna goma ko fiye. Rijiya ɗaya ce, makewayi ɗaya ko biyu, kwata ma ɗaya. Idan mai ɗaki na farko ta fesa magani, kyankyasai sukan bi ta ƙarƙashin ƙofa ko ta silin su koma ɗaki na biyu. Bayan mako biyu sai su dawo. An kashe kuɗi, yara sun shaƙi magani, amma ba abin da ya canza.

Abin ya wuce hana barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 zazzaɓin cizon sauro ya kashe mutum kusan 597,000 a duniya, kuma kimanin uku cikin kowane goma daga cikinsu a Najeriya suke. Yawancinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Shi kuwa kyankyaso yana fitowa daga masai ya hau kwanon abinci, yana ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa da atini a ƙafafunsa. Kashinsa da ɓawon jikinsa da ke gauraya da ƙurar ɗaki suna tayar da ciwon asma, musamman ga yara.

Kashi na ɗaya: mu san sauro

Sauro iri uku ne suka fi damun mu a gari, kuma kowanne da irin ruwan da yake so.

Na farko shi ne Anofilis, mai kawo zazzaɓi. Macen ce ke cizo, galibi daga dare zuwa asuba. In ta sauka a bango takan ɗaga bayanta sama. Tana yin ƙwai a ruwan da ya kwanta a rana: sawun tayar mota a hanyar da ba kwalta, ramin da aka haƙa don yin bulo, tushen ginin da aka bari, da lambunan bakin Kogin Kaduna. Shi ya sa zazzaɓi ke ƙaruwa daga tsakiyar damina zuwa watan Oktoba, musamman a unguwanni na kusa da kogi kamar Rafin Guza, Malali, Unguwar Rimi da Kabala.

Na biyu shi ne Kuleks, mai yawan kuka a kunne. Yana son ruwa mai datti: kwatar da ta toshe, sokawen da murfinsa ya fashe, da masai mai ruwa. Ba ya kawo zazzaɓin cizon sauro, amma shi ne ke hana yawancin 'yan haya barci har da rani.

Na uku shi ne Edis, baƙi mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ke cizo da rana. Yana haihuwa a cikin gida: durom, randa, tsohuwar taya, gwangwani, kaskon shan ruwan kaji. Shi ke yaɗa cutar shawara da zazzaɓin dengi, wanda aka tabbatar da ɓullarsa a Jihar Sakkwato a shekarar 2023.

Dukansu ukun ba sa iya haihuwa sai a ruwa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi yakan ɗauki kwana 7 zuwa 14 a irin zafinmu. Ke nan ruwan da ake zubarwa ko sauyawa duk mako ba zai fitar da sauro ba. Ku ɗebi ruwan da kuke shakka a farin kofi ku duba. Tsutsar da ta kwanta a miƙe a saman ruwa ta Anofilis ce, wadda kuwa ta rataye kanta ƙasa ta sauran biyun ce.

Kashi na biyu: mu san kyankyaso

Akwai babban kyankyaso ja, mai tashi, wanda ke zama a masai da sokawe da kwata, ya shigo ɗaki da dare. Akwai kuma ƙarami mai ruwan ƙasa, wanda ke zama cikin ɗaki dindindin: bayan firji, cikin kabad, cikin rediyo, tsakanin kwalaye. Ƙaramin ya fi wuyar kawarwa. Macen takan ɗauki jakar ƙwai a bayanta mai ƙwai 30 zuwa 40, kuma maganin fesawa ba ya shiga cikin jakar sosai. Shi ya sa ake ganin 'ya'ya sun cika ɗaki bayan an yi feshi.

Kyankyaso yana iya yin kusan wata guda ba abinci, amma da ƙyar yake wuce mako guda ba ruwa. Famfon da ke ɗiga, ruwan wanke-wanke da aka bari ya kwana, da jiƙaƙƙen tsumma a bayan ƙofa, su ne rayuwarsa. Wanda ya ga kyankyaso yana yawo da rana tsaka, ya sani maɓoyarsu ta cika.

Kashi na uku: yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan matsala ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka, wani bincike da aka buga a 1997 ya nuna cewa yara masu asma da jikinsu ba ya jure kyankyaso, in ɗakin kwanansu na da shi da yawa, sun fi sauran yawan kwanciya a asibiti. Daga baya aka yi gwaji a gidajen bene na gwamnati a birnin New York. A wasu gine-gine aka toshe ramuka da tsagar bango, aka share madafa sosai, aka sa maganin da kyankyaso ke ci. A wasu kuma aka ci gaba da feshi kamar yadda aka saba. Sakamakon da ya fito a 2009 ya nuna kyankyasai sun fi raguwa a inda aka yi gyara. A 2018 birnin ya kafa dokar da ta ɗora wa masu gidajen haya nauyin duba ɗakuna da toshe hanyoyin ƙwari.

A Singafo, inda kusan mutum takwas cikin goma ke zaune a gidajen bene na gwamnati, ma'aikatan muhalli kan shiga gidaje su duba, kuma ana cin tarar wanda aka samu tsutsar sauro a gidansa. A birnin Delhi na Indiya, gwamnati ta fito da wani shiri a 2019 don yaƙi da dengi: kowace Lahadi da ƙarfe 10 na safe, kowane gida ya ɗauki minti 10 ya duba ya zubar da ruwan da ya kwanta, har mako 10.

Mu ma mun taɓa sanin irin wannan. Tun zamanin Turawa akwai duba-gari a Kaduna da sauran biranen Arewa, wanda ke bi gida-gida yana leƙa randa da masai, kuma dattawa suna tuna yadda ake shara in an ji yana tafe. Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne ana duba gida gaba ɗaya, a kai a kai, kuma an san wanda nauyin ke kansa.

Kashi na huɗu: hattara da guba

Mutane da yawa sukan sayi fiya-fiya a kwalba marar suna su yayyafa a ɗaki. Sinadarin da ke cikinsa, irin wanda ke cikin Sniper, an yi shi ne don gona. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da irin waɗannan magunguna a kasuwanni da kantuna saboda yawan mutuwar da suke jawowa. Haka kuma ƙwayar da ake sa wa hatsi a buhu ko rumbu tana fitar da iska mai kisa wadda ke ratsawa zuwa ɗakin maƙwabci. A Landan, a 2021, wata yarinya 'yar shekara 11 ta rasu bayan maƙwabciyarsu ta sa irin wannan magani a nata ɗakin don kashe kuɗin cizo. Kada a taɓa sa shi a ɗakin da mutane ke kwana.

Alamomin gubar fiya-fiya su ne dalalar miyau, zufa, amai, da wahalar numfashi. A fitar da mutum waje, a cire masa tufafi, a wanke jikinsa da sabulu. Kada a ba shi manja ko madara, kada kuma a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Igiyar leko ma hayaƙinta na cutar da ƙirjin jarirai da masu asma, kuma takan jawo gobara in ta taɓa katifa ko labule.

Kashi na biyar: abin da za mu yi

Aikin kowane ɗaki:
1. Kowa ya kwana cikin gidan sauro mai magani kowane dare, rani da damina. Sabon gidan sauro a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a ɗaura. A wanke shi a hankali da sabulun wanka, a shanya a inuwa, a ɗinke inda ya yage.
2. Kada kwanuka su kwana ba a wanke ba. A rufe abinci da gari a roba mai murfi, a fitar da shara kafin a kwanta.
3. A rabu da tsofaffin kwalaye da takardu. A janye kabad da gado a share bayansu duk mako.
4. A yi tarko: a sa ɗan burodi a kwalba mai faɗin baki, a shafa man basilin a bakinta ta ciki, a jingina ta da bango. Da safe a zuba ruwan zafi. Tarkon zai nuna inda suka fi yawa.
5. In za a sayi magani, a nemi mai lambar NAFDAC wanda aka yi don gida. Wanda kyankyaso ke ci ya fi na fesawa aiki, amma a sa shi inda yara da kaji ba sa kaiwa.

Aikin 'yan haya tare:
1. A zaɓi rana ɗaya a mako. A juye durom da randa a goge cikinsu, domin ƙwan Edis na manne a jikin mazubi ko da ya bushe. A rufe su da murfi ko ƙyalle.
2. A yashe kwata, a cike ramukan ƙofar gida da ƙasa, a kife ko a huda tsofaffin tayoyi.
3. A yi wa ramin masai murfi. A wanke makewayi bisa jeri, a rubuta sunayen ɗakuna a manna a bango.
4. In za a sa magani, duk ɗakuna su sa a rana ɗaya, a maimaita bayan mako biyu ko uku saboda waɗanda za su ƙyanƙyashe.

Aikin mai gida: gyaran murfin sokawe, sa raga a bakin bututun iskar masai, gyaran famfo, sa raga a taga, da liƙe tsagar bango. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, haka ma kyankyaso. Ya fi kyau 'yan haya su zaɓi mutum biyu su same shi da ladabi, su nuna masa wuraren da idonsa, a yi maganar kafin lokacin biyan kuɗin haya. Idan babbar magudanar unguwa ce ta toshe, a sanar da mai unguwa, a kai maganar sashen lafiya na ƙaramar hukuma ko hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA.

Idan zazzaɓi ya zo

Duk yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibitin unguwa a gwada jininsa kafin a kwana biyu. Tun 2005 Najeriya ta bar kulorakwin ta koma maganin da ake kira ACT, kuma dole a shanye shi kwana 3 cur ko da yaro ya warware. Idan yaro yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da kome, ko ya galabaita, a wuce da shi babban asibiti nan take, kamar na Kawo, ko Barau Dikko, ko Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Mata masu ciki su riƙa zuwa awo don karɓar maganin kariya.

Tambayoyi don tattaunawa
1. Wurare nawa ne ruwa ke kwanciya a gidanmu da ƙofar gidanmu? Bari mu zaga mu ƙirga.
2. Nawa kowane ɗaki ya kashe a kan maganin sauro da na zazzaɓi a daminar da ta wuce? In aka haɗa kuɗin, wane gyara zai yi?
3. Wane ne a gidanmu ba shi da gidan sauro? Yaya za mu taimaka masa?
4. Me za mu yi da maƙwabcin da ya ƙi fitowa aiki, ba tare da an yi faɗa ba?

Aikin wannan mako

Kafin taro na gaba, kowane ɗan ƙungiya ya tara 'yan gidansu su tsayar da ranar duba ruwa. Ya zo mana da sunan ranar, da abin da suka samu a zagayen farko.