Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Kashe Masu Ciki a Unguwannin Khartum?

Wasiƙarmu ta farko yau ta fito daga wata baiwar Allah a Gadarif, ƙasar Sudan. Tambayarta ita ce: tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, me ya sa ake yawan rasa mata wajen haihuwa a unguwannin bayan gari na Khartum, alhali ba su ne a fagen daga ba?

To Malama, abubuwan da ke kashe mai ciki sanannu ne: zubar jini bayan haihuwa, jijjiga, doguwar naƙuda, da ƙwayoyin cuta da ke shiga jini. Kowanne yana da magani, sai dai ba ya jira. Zubar jini mai tsanani kan ɗauke mace cikin awa biyu. Allurar da ke tsayar da shi a firiji ake ajiye ta, firiji kuwa sai da wuta. Idan naƙuda ta tashi da dare, ga shingen masu bindiga, ga rashin mai, wa zai fito da mota? Ko an isa asibitin ma, ba lallai a dace ba. A watan Oktoban 2023 ƙungiyar likitoci ta MSF ta dakatar da tiyata a asibitin Bashair da ke kudancin Khartum, har da ta ciro jariri, saboda an hana shigo da kayan aiki.

Wani zai ce ai ajali ne, kuma tun kafin yaƙi mata na rasuwa a gwiwa. Gaskiya ne, rai na Allah ne, amma kowace mutuwa da sanadinta. A Kudancin Darfur, MSF ta ƙirga mata 46 da suka rasu a asibitocin Nyala da Kas daga Janairu zuwa Agustan 2024, akasarinsu cikin awa 24 da kwantar da su. Wato sun iso ne bayan aski ya zo gaban goshi. Macen da aka tare wa hanya har ta cika, yaƙi ne ya ci ta, ko da ba a sa ta cikin lissafi ba.

Don haka masu ɗauke da makamai su buɗe wa magani da motar asibiti hanya. Ku kuma magidanta, da ciki ya shiga wata bakwai, ku san asibitin da ke aiki, ku tanadi abin hawa da mai ba da jini. Allah Ya sauki masu ciki lafiya. Sai wasiƙa ta gaba.